Ɗan Hakin Da Ka Raina: Me Ya Sa Mai Shagon Unguwa Ke Ƙwace Wa Manyan Kantuna Ciniki?

Duk wanda ya zauna a Legas ko Ibadan ko Benin ko Fatakwal ya san cewa da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyar a cikin unguwa bai ci karo da ɗan shagon katako ko na kwantena ba, inda ake sayar da sukari da madara da sabulu da ashana da burodi. Wani lokaci mai shagon Bahaushe ne, wanda mutanen kudu ke kira malam ko aboki. Wani lokaci kuma wata dattijuwa ce ta kafa tebur a ƙofar gidanta. Jarin irin wannan shago bai kai kuɗin da babban kanti ke kashewa wajen sayen man janareta na kwana ɗaya ba. Amma abin mamaki, manyan kantunan sai zuwa suke yi suna tafiya, shi kuwa mai shagon unguwa yana nan daram inda aka san shi.

Wannan maƙala za ta duba dalilin haka. Ra'ayina shi ne, ba tausayi ko kishin gida ke kai mutane wurin ƙaramin ɗan kasuwa ba. Lissafi ne. Ƙaramin ɗan kasuwa ya gina cinikinsa a kan yadda talakan Nijeriya ke samun kuɗi da yadda yake magana da yadda yake son a mutunta shi, shi kuwa babban kanti an gina shi ne domin wani irin mai saye da bai da yawa a ƙasar nan.

Waiwaye Adon Tafiya

Manyan kantuna ba baƙi ba ne a Nijeriya. Tun a 1948 kamfanin UAC ya buɗe kantin Kingsway a Legas, daga baya ya yi rassa a wasu manyan garuruwa. Akwai kuma Leventis da UTC, waɗanda iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a zamanin arzikin man fetur ke ba da labarinsu har yau. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sai waɗannan kantuna suka dusashe ɗaya bayan ɗaya. Kasuwannin Balogun da Dugbe da Kantin Kwari kuwa ko gezau.

A ƙarshen 2005 kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshensa na farko a Lekki da ke Legas. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka cewa kwanan kasuwar gargajiya ya ƙare. Kamfanin ya bunƙasa har ya yi rassa fiye da 20, ciki har da na Kano da aka buɗe a 2014. To amma a 2020 uwar kamfanin ta ba da sanarwar za ta janye, a 2021 ta sayar wa wasu 'yan Nijeriya masu zuba jari. A watan Janairun 2024 aka rufe reshen Kano. Kafin nan, Woolworths ya tattara nasa ya nasa tun a 2013, Mr Price ya bi sahu a 2020. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce giwa a garin wani zomo ce.

Adalci shi ne a faɗi cewa waɗannan kamfanoni sun kawo nasu dalilai: tsadar haya, wahalar samun dala, jinkirin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, da rashin wutar lantarki. Duk gaskiya ne. Sai dai tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce, ashe wannan ruwan bai daki ƙaramin ɗan kasuwa ba? Ya dake shi mana, ko lema ba shi da ita. To me ya sa shi ya tsira? Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a ƙarshen 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Nijeriya, mafi yawansu kuma na mutum ɗaya ne ko na iyali. Wannan taro ba a banza yake rayuwa ba. Akwai abin da yake sayarwa wanda babu shi a kan kantar babban kanti.

Awo Daidai Da Aljihu

Abu na farko shi ne awo. Babban kanti yana sa ran mai saye zai zo sau ɗaya a mako ko a wata, ya cika kwando, ya loda a mota, ya je gida ya zuba a firij. Wato yana bukatar mutum mai albashi, mai abin hawa, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Mutum nawa ne suka haɗa waɗannan abubuwa uku? Ɗan acaba da birkila da mai ɗinki da 'yar talla kullum suke samu, kullum kuma suke kashewa. Abin da suka samo da rana shi za a ɗora a murhu da dare.

Mai shagon unguwa ya san haka, shi ya sa ya ƙware wajen farfasa kaya. Zai sayar maka da sukarin shan shayi ɗaya a ƙulle cikin leda, dunƙulen magi biyu, man gyaɗa rabin kwalba, ƙwai ɗaya. Ma'aunan ma kansu daga cikin rayuwar jama'a suka fito. A arewa akwai mudu da tiya da gwangwani. A Ibadan kongo ake cewa. A Legas akwai derika, wadda ta samo sunanta daga gwangwanin tumatirin De Rica, ga kuma robar fenti da ake auna gari da wake da ita. Babu wanda ya zauna a ofis ya tsara waɗannan ma'aunai. Bukata ce ta haife su.

Manyan kamfanonin da suka yi wayo sun koyi wannan darasi daga wurin ƙananan. A farkon shekarun 1990 masu madarar Cowbell suka fara sayar da madarar gari a 'yar ƙaramar leda, a lokacin da sauran ke sayarwa a manyan gwangwanaye. Kafin a ankara, kusan kowane kamfani ya bi wannan hanya: garin sabulu, tumatir, man goge baki, har ruwan sha. Dabarar da ake yaba wa kamfani da ita yau, tsohuwa mai ƙullin gishiri ta daɗe da saninta.

Bashi Hanji Ne

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ƙarfi, shi ne bashi. Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kusan kowane mai shago yana da wani tsohon littafi a ƙarƙashin kanta, inda yake rubuta sunayen waɗanda suka karɓi kaya sai ƙarshen wata, ko sai an biya kuɗin aiki. Babu jingina, babu ruwa, babu cike takarda. Ɗalibin da kuɗin gida suka yi jinkirin zuwa ya san darajar wannan littafi fiye da kowa. A babban kanti kuwa, ko naira hamsin ce ta gaza, dole a cire wani abu daga cikin kwando. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba muguwa ba ce. Ba ta da ikon yafewa, domin na'ura ce ke lissafi, mai dukiyar kuma yana wata ƙasa.

Me ya sa mai shago ke iya ba da bashi? Saboda yana da wani ilimi da kamfani ba shi da shi. Ya san gidanka, ya san aikinka, ya san ranar da ake biyanku, ya san ko kai mai cika alkawari ne. Wannan sani shi ne jinginarsa. Kai kuma da ka karɓa, kunya ba za ta bari gobe da ka sami kuɗi ka wuce shi ka tafi wani wuri ba. Ta haka bashin ke zama igiyar da ke ɗaure mai saye.

Wannan ba sabon abu ba ne a kasuwancin Hausawa a kudu. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya wallafa sakamakonsa a 1969. Ya nuna yadda fatake ke kawo shanu daga arewa su sauka a gidan maigida, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, shi kuma maigidan ya tsaya a matsayin lamuni. Dukiya mai yawa ke yawo ba tare da banki ko yarjejeniyar lauya ba. Abin da ke riƙe da tsarin duka shi ne suna da mutunci: wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa ko'ina. Haka kuma tsarin koyon kasuwanci na 'yan kabilar Ibo yake, inda yaro zai yi wa ubangidansa hidima shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari. Kasuwannin Alaba da Onica a kan wannan amana suka tsaya.

Harshe Ma Jari Ne

Abu na uku ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. Ciniki a wurin Bahaushe zance ne mai ƙa'ida. Ana farawa da sallama da gaisuwa, a tambayi gida da iyali da kasuwa. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya. In tayin bai kai ba, mai kaya ba zai ce "ban sayar ba" kai tsaye, sai ya ce "albarka". A lura da kyau: kalmar ƙin amincewa ita kanta addu'a ce. In an daidaita ya ce "na sallama", a ƙarshe a rabu da "Allah ya sa albarka", "Allah ya amfana". Bayan an auna kuma sai a ƙara ɗan wani abu a kai, wato gyara. Wannan kalma ta yi tafiya har ta shiga Yarbanci da Turancin buroka a matsayin jara, kuma yau babu kasuwar da ba a jin ta a kudu.

Mene ne amfanin duk wannan doguwar hanya, alhali ana iya manna farashi a jikin kaya a huta? Amfaninta shi ne mai saye yana tashi da jin cewa an saurare shi, yana da ta cewa a cikin abin da ya biya. Tayi kuma hanya ce ta raba farashi daidai da ƙarfin mutane: mai hali ya biya da ɗan sama, marar hali a sassauta masa, ba tare da an tozarta kowa ba. Farashin da aka manna ba ya sanin fuska.

Bugu da ƙari, ƙaramin ɗan kasuwa yana bin mai saye har cikin harshensa. Je ka kasuwar Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan, ka ji yadda mai tumatir daga Kano ko mai albasa daga Sakkwato ke lissafi da Yarbanci, ya juya ya yi wa wata buroka, ya waiwaya ya yi wa ɗan uwansa Hausa. Bai shiga aji ya koya ba, kasuwa ce ta koya masa. Haka matan Yarbawa da ke sari a wurinsu suka iya Hausar ciniki daidai gwargwado. A babban kanti kuwa, sunan kaya da farashi da rasit duk da Turanci suke. Ga mai gadi a ƙofa yana duba jaka. Dattijon da bai yi boko ba yana shiga zai ji kamar ya shiga ofishin da ba a gayyace shi ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ta fi sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

Kusa Da Gida, Saurin Juyawa

Abu na huɗu shi ne kusanci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani kaso babba na kowane cefane. Ko da kaya sun fi araha a babban kanti, in ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa da awa biyu a cunkoson Legas, ribar ta tafi. Mai shagon unguwa kuwa yaro ma ana iya aika masa. Yana buɗewa bayan asuba, ba ya rufewa sai dare ya yi nisa, ranar Lahadi da ranar hutu duk yana nan.

Haka zalika, shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne mai yanke shawara. In mutum uku suka tambayi wani kaya yau bai da shi, gobe zai saro. Kamfani kuwa sai an rubuta, an zauna taro, an jira amincewar hedikwata. Ɗawainiyarsa ma kaɗan ce: ba ya biyan hayar katafaren gini, ba ya ƙona dizal domin sanyaya wuri, ba ya jiran kayan da suka maƙale a tashar Apapa.

Mun ga irin wannan a harkar kuɗi ma. A farkon 2023, lokacin da canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, layuka suka yi tsawo a bankuna, manhajojinsu na waya suka riƙa gazawa. Jama'a da dama suka koma ga masu na'urar POS da ke zaune a ƙarƙashin lema, da sababbin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay waɗanda suka dogara da waɗannan ƙananan wakilai. Wasu daga cikin masu POS sun tsawwala caji a wancan lokaci, amma ɗabi'ar ta zauna: yau mutum ya gwammace ya biya 'yan kuɗi kaɗan a bakin layinsu da ya kashe rabin yini a banki. Mai suya da mai shayi ma yanzu suna karɓar taransifa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙaramin ɗan kasuwa waliyyi ne. Da farko, sayen ƙulli-ƙulli ya fi tsada in aka tara. Wanda ke sayen madarar leda kullum, a ƙarshen wata ya biya fiye da wanda ya sayi babban gwangwani sau ɗaya. Wato talaka yana biyan harajin talaucinsa. Na biyu, akwai algus: mudun da aka buga wa gindi, man ja da aka zuba wa kala, kayan da kwanansu ya ƙare aka goge kwanan wata. Yaƙin da hukumar NAFDAC ta yi da jabun magunguna a ƙarƙashin Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008 ya nuna cewa ta hannun ƙananan shaguna da manyan kasuwannin sari ne irin wannan guba ke isa ga jama'a. Na uku, babu rasit, saboda haka in kaya suka lalace sai dai a dogara da halin mai shagon. Yaran shago kuma yawanci ba su da tsayayyen albashi, balle fansho. A waɗannan fannoni babban kanti ya fi.

Akwai kuma wata gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Leƙa cikin shagon malam ka ga kayan da ke ciki: Indomie, Peak, Milo, sukarin Dangote, Coca-Cola. Duk na manyan kamfanoni ne. Ke nan cinikin da ƙaramin ɗan kasuwa ya ƙwace shi ne na miƙa kaya hannu da hannu, ba na sarrafa su ba. Kamfanin da ya ɗauke shi abokin hulɗa ya ci riba da shi, wanda ya zo da niyyar maye gurbinsa shi ne ya sha wuya. Ko kantunan gida da suka sami karɓuwa a kudu, irin su Justrite da FoodCo da Bokku, za ka tarar sun matso cikin unguwanni ne, wasunsu ma sun rage girman shago, wato sun kwaikwayi mai shagon lungu.

Ba kuma a ko'ina labarin ya zo haka ba. A Amurka, inda mafi yawan mutane ke da mota da firij da albashi, manyan kantuna irin su Walmart sun durƙusar da ƙananan shaguna a garuruwa da yawa. A Indiya kuwa, inda rayuwa ta fi kama da tamu, ƙananan shagunan unguwa da suke kira kirana su ke riƙe da mafi yawan cinikin kayan masarufi. Wannan ya tabbatar da abin da na faɗa tun farko: yanayin rayuwar mai saye shi ke yanke hukunci.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Abin tsoro ga ƙaramin ɗan kasuwa a yau ba babban kanti ba ne, domin ya gwada ƙarfi da shi ya ga iyakarsa. Abin tsoron shi ne tunanin wasu masu mulki, waɗanda ke auna ci gaba da gilashi da tayil. Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a 2007, aka sake gina ta aka buɗe a 2014, amma da yawa daga cikin tsofaffin 'yan kasuwar suka koka cewa kuɗin sababbin shagunan ya fi ƙarfinsu. A Janairun 2016 aka rushe kasuwar Owonifari a Oshodi. Ga tarin haraji da tikiti iri-iri da ake karɓa daga hannun mai tebur, wani na ƙaramar hukuma, wani na ƙungiya, wani ma ba a san na wane ne ba. Duk lokacin da aka tashi kasuwa ba tare da tanadin da 'yan kasuwar za su iya biya ba, ba rumfuna kawai aka rushe ba, har da littattafan bashin nan da iyalai ke rayuwa a kansu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da su gyara kasuwanni tare da masu su: a yi magudanar ruwa da bayan gida da hanyar motar kashe gobara, a haɗa haraji wuri ɗaya, a sa kuɗin rumfa daidai da ƙarfin wanda ke cikinta. Su kuma 'yan kasuwa su sani cewa amana ce kaɗai jarin da suka fi kamfani da shi. Ranar da mudu ya zama abin zargi, ranar ce suka miƙa wa babban kanti makamin da bai taɓa samu ba. Shugabannin kasuwa su riƙa hukunta mai algus da kansu tun kafin hukuma ta zo.

Mu kuma 'yan uwa ɗalibai, akwai aiki biyu a gabanmu. Na ɗaya, Hausar kasuwa a garuruwan kudu fage ne na bincike da ke ƙofar makarantunmu: kalmomin awo, salon tayi, aron kalmomi tsakanin Hausa da Yarbanci da Ibo da buroka, kirarin masu talla. Mai neman batun kundin kammala digiri ba sai ya yi nisa ba. Na biyu, mu daina kallon sana'a a matsayin makomar wanda ya rasa aikin ofis. Wanda ya iya harsuna biyu ko uku, ya san yadda ake gaisuwa da rarrashi a kowannensu, ya riga ya mallaki abin da kamfanoni ke biyan masu talla kuɗi mai yawa domin su samo musu. Girman kai rawanin tsiya ne.

Allah ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya ba mai saye da mai sayarwa ikon riƙe amana.